Yadda okestirar gari za ta shirya wasan kiɗa ta intanet tare da baƙon magogin celo

Okestira babbar ƙungiyar makaɗa ce masu kayan kiɗa iri-iri. Okestirar gari ita ce wadda makaɗanta ba da kiɗan suke ci ba. Malamin makaranta ne, ma'aikaciyar jinya ce, ɗalibi ne, ɗan fansho ne, suna haɗuwa sau ɗaya a mako su yi atisaye. A watan Maris na 2020, da korona ta rufe zaurukan wasa, makaɗan okestirar Rotterdam ta ƙasar Holan suka naɗi wani yanki na simfoni ta tara ta Beethoven, kowa daga ɗakinsa, aka haɗa aka fitar. Daga nan ƙananan ƙungiyoyi ma suka bi sahu. An buɗe zauruka tuni, amma hanyar ta zauna, domin tana bai wa ƙungiyar da ba ta da kuɗin jirgi da masauki damar yin wasa da ƙwararren magogin celo da ke wata ƙasa, wato mai kaɗa babbar gogen Turawa da ake riƙewa tsakanin gwiwoyi.

Abin da ya kamata kwamitin shiri ya riƙe tun farko shi ne: aikin nan kacokan yana rataye ne a kan sautin jagora, wato sautin da kowane makaɗi zai sa a kunne yana bi lokacin da yake naɗar nasa ɓangaren. Kuma a kan gogen baƙon ake gina shi. Idan aka juya lamarin, aka tilasta wa baƙon bin bugun na'ura, za a sami wasa mai tsabta amma babu rai a cikinsa.

Dalilin da ba a yin sa kai tsaye

Kusan kowane kwamiti yakan fara da tunanin a hau Zoom kowa ya kaɗa a lokaci guda. Ba ya yiwuwa, kuma lissafi ne ya hana. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Makaɗa suna iya riƙe juna muddin jinkirin da ke tsakaninsu bai wuce milisakan 25 zuwa 30 ba (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa), daidai da a ce mita takwas zuwa goma ne a tsakaninsu. Manhajojin taro na bidiyo sukan jinkirta murya da fiye da milisakan 100. A kiɗa mai bugu 120 a minti, bugu ɗaya milisakan 500 ne, rubu'insa 125. Ke nan kafin sautinka ya isa kunnen abokinka, kusan gajeriyar nota guda ta riga ta wuce. Shi sai ya ɗan jira ka, kai ma ka jira shi, kiɗan ya yi ta ja da baya har ya tsaya.

Akwai manhajoji irin su Jamulus da JackTrip da aka ƙera don rage jinkirin. Suna aiki idan makaɗan suna gari ɗaya, kowa ya jona kwamfutarsa da waya maimakon Wi-Fi. Nisa kuwa ba shi da magani. Haske a cikin wayar fayiba yana cin kusan milisakan 5 a kowane kilomita 1,000. Idan ƙungiya tana Legas baƙon yana Landan, tazarar kusan kilomita 5,000, jinkirin ya cinye iyakar tun kafin a lissafa na na'urori. Saboda haka kowa zai naɗi nasa daban, a haɗa daga baya, a nuna a ranar da aka sa.

Mataki na farko: zaɓen kiɗa, da takardu

Ku ware wa aikin mako goma zuwa sha biyu. Shirin da za a nuna kada ya wuce minti 30 zuwa 40, kuma a ciki abin da dukan okestira za ta kaɗa tare da baƙon kada ya haura minti 10 zuwa 15 a karon farko. Sauran lokacin a cike shi da abin da ba ya bukatar haɗi mai wahala: baƙon shi kaɗai yana goga wani yanki daga kiɗe-kiɗen celo na Bach, ƴan gogen tsirkiya huɗu da suka naɗa a ɗaki ɗaya, da gajeriyar hira.

Wajen zaɓe, ku dubi yawan kayan kiɗan da ake bukata da kuma yadda saurin kiɗan yake sauyawa. Kwanceto kiɗa ne da makaɗi ɗaya ke jagoranta okestira na mara masa baya. Kwanceton celo na Haydn na C, wanda aka gano takardunsa a Prague a 1961 bayan an daɗe ana zaton ya ɓata, ya dace ƙwarai: kayan tsirkiya ne da obo biyu (abin busa mai kama da algaita) da ƙaho biyu kawai, kuma bugunsa a tsaye yake. Babinsa na tsakiya, mai tafiyar hawainiya, tsirkiyoyi ne zalla. Élégie ta Fauré, ta 1880, kusan minti bakwai ce, kuma asalinta don celo da fiyano aka rubuta ta, abin da zai sauƙaƙa mataki na gaba, sai dai tana bukatar masu busa da yawa. Kwanceton Dvořák da na Elgar kuwa ku bar su. Na Dvořák kusan minti 40 ne, kuma dukansu biyun saurinsu yana miƙewa yana tsukewa kusan a kowane layi. A zaure, idon madugu, mai jagorantar makaɗa da hannu, shi ke riƙe wannan. A ɗakin mutum shi kaɗai babu mai riƙewa.

A ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya da Najeriya, haƙƙin mallakar kiɗa yana ƙarewa shekara 70 bayan mutuwar mawallafinsa. Haydn da Bach da Fauré, wanda ya rasu a 1924, duk sun fita, kuma ana samun takardunsu kyauta a IMSLP, shafin intanet mai tara takardun kiɗa. Shostakovich, wanda ya rasu a 1975, bai fita ba. Idan hayar takardu kuka yi daga kamfanin ɗab'i, izinin wasa a zaure bai haɗa da ɗora bidiyo a intanet ba, sai an nemi wannan daban a rubuce.

Da baƙon ma a yi takarda: nawa ne ladansa, sau nawa zai naɗa, tsawon wane lokaci bidiyon zai zauna a intanet, da kuma haƙƙinsa na jin sautin ƙarshe kafin a fitar. Kowane makaɗi ya sa hannu cewa ya yarda a nuna fuskarsa, wanda bai kai shekara 18 ba kuma iyayensa su sa.

Mataki na biyu: baƙon ne zai fara naɗa

Madugu da baƙon su zauna ta bidiyo, takardar kiɗan a gabansu, su bi ta gida-gida, wato abin da ke tsakanin layukan tsaye biyu a takardar. Su tsayar da saurin kowane sashe da lamba, su yi alama a duk inda baƙon zai ja numfashi ko ya jinkirta, su kuma yanke tsawon kowace tsayawa. A nan ne za a tsayar da ma'aunin saiti: notar A a kan 440 Hz ko 442 Hz, wato yawan girgizar sautinta a daƙiƙa. Ɗaya za a zaɓa a rubuta shi a saman kowace takarda. Bambancin ƙarami ne a ido, amma idan rabin ƙungiya na kan wannan rabi na kan wancan, dogayen notoci za su riƙa rawa kuma babu gyaran da zai kawar da ita.

Sai baƙon ya naɗi kiɗan tare da mai fiyano da ke kaɗa ɓangaren okestira, babu wani bugun na'ura a kunnensa, ya goga yadda zai goga a zaure. Mafi kyau fiyanon ta zama ta lantarki, sautinta yana shiga iyafis ɗinsu da kwamfuta kai tsaye, ta yadda makirufon celo ba zai ɗauki komai ba sai celo. Da haka za a sami fayil biyu masu tsabta.

Makirufon a ajiye shi santimita 60 zuwa 90 a gaban celon, daidai tsayin gadar da tsirkiyoyi ke hawa, a ɗan karkace daga ramukan gaban. Idan ya matso ƙasa da haka zai cika da ƙarar bakan gogen da numfashin mai gogen, idan kuma ya fuskanci ramin kai tsaye sautin ƙasa zai kumbura. Tsinin ƙafar celo yana tura girgiza cikin daɓe, musamman na katako, ta hau sandar makirufo. A sa roba ko ɗan kilishi a ƙarƙashin sandar. Yawancin celo suna da wata nota mai gurnani a wajajen F ko F mai ƙari a tsirkiyar G. Baƙon ya san ta kayansa, sai dai makirufo yana fito da ita fiye da yadda kunne ke ji a zaure, don haka a gwada wurin kafin a fara.

Mataki na uku: gina sautin jagora

Nan ne ya kamata a kashe lokaci, mako guda cur idan ta kama. A shigar da fayilolin baƙon cikin manhajar haɗa sauti da ke iya sauya sauri a tsakiyar kiɗa, irin Reaper. Mai aikin ya saurari gogen, ya dasa alama a farkon kowane gida, a wuraren da saurin ke sauyawa kuma a kan kowane bugu. Manhajar za ta fitar da bugun awo mai bin baƙon, yana sauri inda ya yi sauri, yana lafawa inda ya lafa. A saurara daga farko zuwa ƙarshe sau biyu, madugu yana kaɗa hannu a kai. Duk inda hannunsa ya yi tuntuɓe, makaɗa talatin ma za su yi tuntuɓe a nan.

Farkon fayil ɗin yana da tsarinsa. Daƙiƙa goma na notar A don saiti, sai murya ta ce a shirya tafi, ta ƙirga huɗu, kowa ya tafa sau ɗaya da ƙarfi a gaban kyamara. Sai ɗan shiru, sai ƙirgen gida biyu a saurin farko, sannan kiɗa. Wannan tafin shi ne abin da mai haɗawa zai jera dukan fayiloli a kansa, a sauti da a hoto.

Bugun farko na kowane gida ya bambanta da sauran a murya, don wanda ya ɓata ya gane inda ake. A sashe mai tafiyar hawainiya a raba bugun biyu, domin idan tazarar bugu da bugu ta wuce daƙiƙa ɗaya, kowa sai ya cike ta da nasa zaton. Inda kiɗan ke lafawa zuwa tsayawa, a fara rabawar tun gida ɗaya kafin wurin. Murya ta riƙa kiran lambar gida a farkon kowane sashe, da kuma gida biyu kafin masu dogon hutu su shigo, musamman masu ƙaho da ke iya zama gida arba'in ba su busa ba.

Wurare biyu ne suka fi ɓata naɗi. Na farko tsayawa: bugun ya ci gaba a cikinta da adadin da aka yanke, a rubuta a takardar kowa cewa a riƙe bugu kaza, a saki a kan na kaza. Na biyu ƙarshen kadenza, inda baƙon ke wasa shi kaɗai babu awo sannan okestira ta faɗo gaba ɗaya. A cire bugu a cikin kadenzar, a dawo da shi da ƙirgen murya na gida ɗaya cikakke kafin shigowar. Idan kadenzar doguwa ce, a yanke ta daga sautin jagora a bar daƙiƙa goma na ƙarshe, kada mutane su zauna minti biyu kyamara na cin wuri.

Ƙarar bugun ta zama mai taushi, irin ta katako. Mai kaifi tana tsiyayowa daga iyafis ta shiga makirufo, kuma a wuri mai sanyi na kiɗan za a ji ta a naɗin mutum ashirin lokaci guda. A ƙarshe madugu ya ɗauki bidiyon kansa yana kaɗa hannu a kan sautin, a haɗa su fayil ɗaya. Bugu yana faɗin lokaci ne kawai. Ƙarfi da taushi da inda za a saki nota, a hannun madugu ake ganinsu.

Kiɗan da ya wuce minti biyar a yanka shi kashi-kashi na minti uku zuwa huɗu, kowane kashi da nasa tafin, kuma ya faro gida biyu kafin inda na baya ya tsaya. Makaɗin da ba sana'arsa ba ce, idan aka ce ya yi minti tara babu kuskure, zai yi ta maimaitawa har ya gaji, ya aiko da naɗi mafi muni.

Mataki na huɗu: shugabannin sashe, sannan kowa

Kafin a raba wa kowa, shugaban kowane sashe na tsirkiya ya rubuta tafiyar baka a takarda, inda za a ja da inda za a tura, ya kuma naɗi nasa ɓangaren. A zuba naɗinsa cikin sautin jagoran sashensa. Mai biyola, gogen da ta ɗan fi bayolin girma, zai ji shugabansa a kunne, ya kwaikwayi tsawon nota da saitinsa kamar yadda yake yi a atisaye. Wannan ƙarin mako ɗaya ne, amma yana rage wa mai haɗawa aiki fiye da kowace dabara. Nan ne kuma kurakuran sautin jagora ke fitowa, a gyara su tun mutum biyar ne suka gani.

Takardar umarni ga makaɗa kada ta wuce shafi ɗaya. Na'ura biyu ake bukata: ɗaya tana kunna jagora zuwa kunne, ɗaya tana ɗauka. Iyafis mai waya ya fi na Bluetooth, wanda ke iya jinkirta sauti da milisakan 100 zuwa 300 har hannun madugu da abin da kunne ke ji su saɓa. A sa a kunne ɗaya a bar ɗayan a buɗe, don mutum ya ji saitin kansa. Wayar da ke ɗauka a sa ta a yanayin jirgi, a kwantar da ita a kan abu tsayayye daidai tsayin ƙirji, mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi daga makaɗin. Masu ƙaho da kakaki su ja baya zuwa mita biyu, kuma kada bakin kayan ya kalli wayar. Taga ta kasance a gaban mutum. Idan tana bayansa, inuwa kawai za a gani.

Hoto 1080p ya isa. Yawan hotuna a daƙiƙa kuwa ya danganta da wutar ƙasar: inda lantarki ke kan 50 Hz, kamar Turai da Najeriya da Nijar, 25 ya fi, domin 30 yakan sa hasken wasu fitilu ya riƙa ƙyaftawa a bidiyo. A Amurka, mai 60 Hz, 30 ne daidai. Kowa ya bi lamba ɗaya.

A kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki da firji. Janareto shi ne babban abokin gaba, domin gurnaninsa yana zaune ne a ƙasan sauti, inda celo da babban bas suke. Tsirkiyar celo mafi kauri tana kan 65 Hz, ta bas tana kan 41 Hz, don haka duk tacewar da za ta cire gurnanin sai ta tafi da jikin kiɗan. Gara a jira lokacin da unguwa ta yi shiru a ɗauka da batir. Ɗaki mai labule da kujerun kushin ya fi ɗaki mai tayil da bango tsirara. Amsa-kuwwa ana iya ƙara ta daga baya, amma ba a iya cire ta.

Wayoyi da yawa suna daidaita ƙarfin sauti da kansu, su ɗaga mai taushi su danne mai ƙarfi, wasu ma su ɗauki doguwar nota a matsayin hayaniya su shafe ta. Kowa ya fara aiko da gwajin daƙiƙa 30 mai ɗauke da wuri mafi ƙarfi da mafi taushi. Wanda wayarsa ke yin haka ya kashe saitin idan akwai, ko ya ari wata. Mai makirufo na daban ya naɗa a WAV, 48 kHz, bit 24, ƙololuwar sauti tana tsayawa tsakanin -12 da -6 dB a ma'aunin ƙarfin sauti na na'urar. Lambar 48 ɗin tana da muhimmanci: fayil na 44.1 kHz da manhaja ta karanta a matsayin 48 zai yi sauri da kusan kashi 9 cikin ɗari, muryarsa ta hau sama da fiye da rabin mataki.

Minti ɗaya na bidiyon waya a 1080p yana iya kai megabait 130. Kiɗan minti bakwai daga mutum talatin ya kusa gigabait 27, don haka a tanadi wurin ajiya da kuɗin data tun da wuri. A ɗora a Google Drive ko makamancinsa. Kada a tura ta WhatsApp a matsayin bidiyo, domin yana matse fayil ya lalata sautin. Sunan fayil ya bi tsari ɗaya: kayan kiɗa, sunan mutum, lambar kashi. Ku ba da mako biyu, ku kuma ɓoye wa kanku ƙarin kwana biyar, domin a kowace ƙungiya akwai masu makara, kuma sau da yawa mai obo na biyu ne wanda babu madadinsa.

Mataki na biyar: haɗa sauti

A raba sauti da hoto, a gama sauti tukuna. A jera kowane fayil a kan tafinsa, sannan a duba ƙarshensa ma, domin agogon wayoyi ba ɗaya ba ne, wani fayil yakan zame kaɗan bayan ƴan mintuna. A fara da bas da celo na okestira, a ɗora sauran tsirkiyoyi, sannan masu busa. Shigowa da sakin nota su ne abin gyara. Tsakiyar jimla a bar ta yadda take, domin ɗan saɓanin da ke tsakanin masu goge goma shi ne ke sa kunne ya ji sashe ne guda mai kauri. Wanda ya kuskure a gida uku, a rage shi a gida ukun nan kawai, fuskarsa ta ci gaba da fitowa.

Idan sashe ya yi ƙaranci, misali biyola biyu kacal, kada a kwafi fayil ɗaya a ninka shi. Sautin zai fito siriri kamar daga cikin bututu. A roƙi mutanen su naɗa sau biyu.

A zaunar da sauti yadda ake zama a zaure: bayolin na ɗaya a hagu, na biyu a hagu kusa da tsakiya, biyola a dama kusa da tsakiya, celo da bas a dama, masu busa a tsakiya can baya, baƙon a tsakiya a gaba. A tura kowa cikin amsa-kuwwa guda ɗaya mai tsawon daƙiƙa 1.8 zuwa 2.2, kusan ta manyan zaurukan kiɗa, masu busa su sami kaso mafi yawa, baƙon mafi ƙanƙanta. Ita ce ke mayar da ɗakuna talatin ɗaki ɗaya. A bayolin da obo ana iya yanke duk abin da ke ƙasa da 150 Hz, a celo kuwa kada yankan ya hau sama da 50. Naɗin ƙananan ɗakuna yakan taru ya yi dumu-dumu tsakanin 200 da 400 Hz, daidai inda muryar celon baƙon take, don haka a rage wa okestira kaɗan a nan maimakon a yi ta ɗaga baƙon.

Idan haɗin ya tsaya da ƙafarsa, a aika wa baƙon shi babu celonsa a ciki. Da yawa sukan so su sake naɗa a kansa, kuma ya cancanci a ba su dama: yanzu yana jin obo na amsa masa, yana jin nauyin tsirkiyoyi a bayansa, kuma tunda awon daga gogensa aka ciro shi, ba zai yi faɗa da shi ba. A wannan zaman ne za a ɗauki bidiyonsa, da kyamara biyu idan da hali, ɗaya daga gaba ɗaya a kan hannun hagu.

Kada a matse sautin ƙarshe sosai. YouTube yana rage duk abin da ya wuce kusan -14 LUFS, ma'aunin matsakaicin ƙarfin sauti, don haka babu ribar ƙure ƙarfi. A bar ƙololuwa a -1 dB. A saurara a lasifika mai kyau, a iyafis, sannan a lasifikar waya, domin da ita mutane da yawa za su kalla, kuma ba ta fitar da ƙasan celo. Idan baƙon ya ɓace a waya lokacin da yake kan tsirkiyar C, a ɗan ƙara masa tsakanin 700 Hz da 1 kHz.

Mataki na shida: hoto

Bidiyon waya yakan zo da yawan hotuna mai sauyawa, abin da ke sa baka da sauti su rabu a hankali. A fara wuce da kowane fayil ta manhajar HandBrake a mayar da shi tsayayye. Manhajar DaVinci Resolve ta kyauta ta isa aikin haɗa hoton. Kwamfutar gida ba za ta ja bidiyo talatin lokaci guda ba, don haka a haɗa kowane sashe a allonsa a fitar da shi fayil ɗaya, sannan a haɗa sassan. A kashe sautin dukan bidiyoyin, a ɗora haɗaɗɗen sautin shi kaɗai.

Allon da ke cike da ƙananan akwatuna daga farko har ƙarshe yana gajiyar da ido. A nuna kowa a buɗewa da wuraren da okestira ke kaɗawa gaba ɗaya, sauran lokacin a bi mai ɗauke da waƙar, baƙon yana cin rabin allo ko fiye. Mai yanka hoton ya zauna da takardar kiɗa ko da wanda ya iya karanta ta. Kowane makaɗi ya fito babba ko sau ɗaya ne, domin danginsa saboda shi suka zo. Rubutun sunaye ya zama manya, yadda mai kallo a 360p zai iya karantawa. A fitar a H.264, kusan megabit 8 a daƙiƙa, sauti AAC a 384 kbps.

Mataki na bakwai: ranar nunawa

Sabon asusun YouTube ba ya karɓar bidiyon da ya wuce minti 15 sai an tabbatar da shi da lambar waya, don haka a yi wannan tun makon farko. A ɗora bidiyon aƙalla kwana bakwai kafin ranar, a ɓoye. Dalili shi ne Content ID, tsarin da ke kwatanta sauti da faya-fayan kamfanoni. Yakan ɗauki sabon naɗin Haydn ko Bach a matsayin na wani kamfani, ya sa talla a kai ko ya toshe shi a wasu ƙasashe. Ana ƙalubalantar wannan da bayanin cewa kiɗan ya fita daga haƙƙin mallaka kuma naɗin naku ne, sai dai mai da'awar yana da har kwana 30 kafin ya amsa. Wanda ya iya ɗorawa da wuri fiye da mako guda, ya yi.

A saita shi a matsayin Premiere, kowa ya kalla a lokaci guda ana hira a gefe. Bidiyon yana kan YouTube tuni, don haka ko intanet ɗinku ta yanke a daren, wasan ba zai tsaya ba. A rubuta lokacin da agogon garinku da na garin baƙon. Mutum biyu su kula da akwatin hira, ɗaya yana amsa tambaya yana saka hanyar ba da gudummawa, ɗaya yana share masu ɓarna. Bayan an gama a koma Zoom na minti 20 zuwa 30 don tambayoyi da baƙon. Idan zai goga wani abu a nan, ya kunna saitin sauti na makaɗa da ke cikin manhajar, in ba haka ba za ta riƙa yanke dogayen notocinsa.

Washegari a kwafe sautin jagora, da takardun da aka yi wa alama, da fayilolin asali zuwa faifai biyu a gidaje biyu. A rubuta a kalandar ƙungiya ranar da yarjejeniyar baƙon ta ce a sauke bidiyon, da sunan wanda zai sauke shi.